Na zo aikin sa-kai a Jamus, kaɗaici na neman kayar da ni

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kina lafiya tare da iyali. Ni budurwa ce mai shekara 24, 'yar ikilisiyar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) daga arewacin jihar Adamawa. Tun watan Satumba nake zaune a wani ƙaramin gari a jihar Hessen ta ƙasar Jamus, inda nake aikin sa-kai na shekara ɗaya a gidan kula da tsofaffi ƙarƙashin weltwärts, shirin gwamnatin Jamus na aikin sa-kai ga matasa. Aikin bai gagare ni ba: ina ba tsofaffi abinci, ina tura su a keke zuwa lambu, ina zama da su. Zaman garin ne ya gagare ni. A gida ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ina koyar da yara a makarantar Lahadi, kuma ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba. Lahadin farko da na shiga cocin garin nan na ƙirga mutum 19 a cikin ƙaton gini, yawancinsu masu furfura, aka tashi cikin awa ɗaya, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya tambaye ni daga ina nake. Sau uku na je, na daina. Yanzu ina hawa jirgin ƙasa fiye da awa biyu zuwa wani cocin 'yan Afirka a Frankfurt, amma idan na dawo da dare ɗakina yana nan shiru yadda na bar shi, sai in kwana ina duba hotunan gida a waya ina kuka. Abokan aikina ba sa zancen Allah, wata ma ta yi dariya da ta ga ina addu'a kafin cin abinci. A gida kuma an ɗauka na yi arziki: ƙanena yana jiran kuɗin makaranta, kawuna yana jiran kuɗin taki, alhali abin da ake ba ni bai wuce na cefane da kati da tikitin jirgi ba. Wata 'yar'uwa a Frankfurt ta ce idan wa'adina ya cika in ɓace kawai, za ta samo mini aikin shara. Mama, kuskure na yi da na zo? In koma gida tun yanzu, ko in daure, ko in bi shawararta?

'Yata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kika ce ba ki taɓa cin abinci ke kaɗai ba sai da kika je Jamus. Bari in ba ki amsa tun farko don hankalinki ya kwanta kafin dogon bayani: ba ki yi kuskure ba, kada ki haɗa kaya yanzu, kuma kada ki saurari maganar ɓacewa ko da sau ɗaya.

Kin rubuto mini ne a lokacin da ya fi kowane tsanani ga baƙo a ƙasar. Ɗokin sabon wuri ya wuce, Jamusanci bai zauna a bakinki ba tukuna, ga hunturu ya shigo, kuma a watan Disamba rana za ta riƙa faɗuwa kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ta yadda za ki fita aiki cikin duhu ki dawo cikin duhu. Jikin da ya tashi a ranar Adamawa yana jin wannan rashi fiye da yadda mai shi ke zato. Saboda haka duk hukuncin da zuciyarki ta yanke a Nuwamba, ki ajiye shi gefe, ki sake duba shi bayan Ista, lokacin da itatuwa suka yi toho kuma kin fara gane hirar da ake yi a teburin ma'aikata.

Abin da kika gani a cocin garinku gaskiya ne, kuma ba garinku kaɗai ba ne. A 'yan shekarun nan, membobin manyan ikilisiyoyi biyu na ƙasar, wato Katolika da Furotesta, sun ragu har sun kasa rabin al'umma. A shekarar 2022 kaɗai fiye da mutum rabin miliyan sun fita daga ikilisiyar Katolika a hukumance, kimanin 380,000 kuma daga ta Furotesta. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne harajin coci, wanda gwamnati ke cirewa daga albashin memba, kuma a Hessen yakan kai kashi 9 cikin ɗari na harajin da mutum ke biya. Na kawo miki wannan ne domin ki sake kallon mutum 19 ɗin nan da wani ido. A wurinmu, wanda bai zo sujada ba sai ya amsa tambayar uwarsa da ta dattawan coci da ta maƙwabta. A can kuwa ba mai tambayar kowa, ba kunya, ba riba, amma duk da haka waɗannan tsofaffi suka sa riguna masu nauyi suka fito cikin sanyi. Ni ban isa in ce bangaskiyarsu ta mutu ba, kuma ina ganin ke ma bai kamata ki ce haka ba don kawai ba su da ganga.

Rashin gaisuwar ma yana da fassara. Mu idan baƙo ya shigo, sai a ce ya miƙe tsaye, ya faɗi sunansa da garinsu, a tafa masa, wata uwa daga zumuntar mata ta ja shi gida cin tuwo. Su kuwa a tarbiyyarsu, tsare baƙo da tambayoyi shisshigi ne, barinsa ya zauna lafiya kuma girmamawa ce. Kina can kina jira su zo gare ki, su ma wataƙila suna jira ki nuna kina so a zo. Zan ba ki labarin kaina. Shekarun baya na yi 'yan watanni a ƙasar don wani kwas, kuma akwai wata dattijuwa a ɗakin da ke kallon nawa wadda ta yi makonni ba ta ce mini komai sai kalma ɗaya ta gaisuwar safe. Wata rana na soya ƙosai, na ɗauka a faranti na ƙwanƙwasa mata ƙofa kamar yadda za a yi a kowace unguwa a gida. Ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofar ba ta ce in shiga ba, ta karɓi farantin da godiya, sannan ta koma ciki ta ɗauko ɗan littafin kalanda da biro, ta duba, ta ce ko zan iya zuwa ranar Alhamis ƙarfe uku. Na koma ɗaki raina a ɓace, ina cewa yau ga wadda sai an cike fom kafin a gaishe ta. Ranar Alhamis na je don kada in zama mai saɓa alkawari. Na tarar ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta kunna kyandir, ta gasa kek da hannunta, ta fito da kofunan da na lura ba na kullum ba ne. Muka yi awa biyu, rabi da baki rabi da hannu. Daga ranar, kowace Alhamis tawa ce, kuma da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ce ta sa ni a motarta ta kai ni wurin likita ta zauna har aka gama. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma haka yake a can ma, sai dai ƙafar tasu sai ta biya ta kalanda.

To, ga abin da nake so ki yi, kuma a wannan makon. Rayuwar ikilisiya a Jamus ba ta taru a safiyar Lahadi ba, tana warwatse cikin ranakun mako. A gaban kusan kowane coci akwai akwatin gilashi da ake liƙa sanarwa, akwai kuma 'yar mujallar ikilisiya da suke kira Gemeindebrief, wadda ake ajiyewa kusa da ƙofa. Ki ɗauka ki duba ranar da mawaƙa ke gwaji, ki rubuta wa fasto ko mai koyar da waƙa gajeren saƙo cewa ke 'yar sa-kai ce daga Najeriya, kina waƙa a cocinku, kina so ki shiga. Ƙungiyoyin mawaƙa a ƙananan garuruwa suna ƙishin muryar matasa, kuma yanzu ne suke shirin waƙoƙin makonni huɗu na jiran Kirsimeti, don haka da wuya a ce miki a'a. Kada takardar waƙarsu mai ɗigo-ɗigo ta tsorata ki, ke da kika saba da do-re-mi. Kunnenki zai kama, kuma za ki yi mamakin jin wasu muryoyin da kika sani tun kina yarinya da kalmomin Hausa a kansu. Ki isa minti biyar kafin lokaci, ki je kowane mako ba fashi, idan ba za ki samu zuwa ba ki sanar tun da wuri. Wannan shi ne abin da Bajamushe ke karantawa a matsayin mutunci, kuma bayan mako shida ko bakwai za ki ga wani ya fara ajiye miki kujera. Idan ana shan kofi bayan sujada, ki tsaya, ki kama wanke kofuna ba sai an roƙe ki ba, domin a bakin famfo ake fara hirar da ba a yi a kan benci.

Ban ce ki yanke ƙafa daga Frankfurt ba. Rai yana bukatar ya yi waƙa da ƙarfi, ya yi addu'a da harshen da ba sai ya yi tunani ba, kuma a unguwar babbar tashar jirgi za ki samu shagunan da ke sayar da wake da manja da busasshiyar kuɓewa. Ki je sau ɗaya a wata. Amma ki lura da iyakar abin da wannan tafiya za ta iya yi miki: mutanen da ke nesa da ke da tafiyar awa biyu ba za su ƙwanƙwasa miki ƙofa ranar Talata da dare ba, kuma kowace Lahadi da kika ƙare a cikin jirgi, Lahadi ce da garin da kike kwana bai gan ki ba. Ki buɗe Irmiya sura 29 ki karanta abin da aka umarci waɗanda aka kai Babila, waɗanda su ma hankalinsu yana gida: su gina gidaje, su shuka lambuna, su nemi zaman lafiyar birnin da suka samu kansu su yi masa addu'a. Su an kai su ne da ƙarfi, ke kuwa da ƙafarki kika je, don haka umarnin ya fi sauƙi a kanki.

Akwai wani abu da ban tabbata an gaya miki ba kafin ki taso, kuma ke 'yar EYN ce, ya kamata ki riƙe shi. Tushen ikilisiyarku yana kusa da inda kike. A shekarar 1708, a wani ƙauye mai suna Schwarzenau, dab da iyakar Hessen ta yamma, mutum takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka yi baftisma a kogin Eder. Su ma baƙi ne a ƙauyen, sun baro garuruwansu saboda tsanani a kan bangaskiyarsu. Daga baya mabiyansu suka ƙaura zuwa Pennsylvania a Amurka, kuma daga zuriyar wannan ikilisiya ne 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser suka fito, waɗanda suka yi sujadar farko a ƙarƙashin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923. Akwai ɗan gidan tarihi mai sunan Mack a ƙauyen. Ki nemi rana ki je, ki tsaya a bakin wannan kogi, sannan ki dawo ki roƙi faston garinku minti goma ki ba ikilisiya labarin yadda abin da mutum takwas suka fara a ƙasarsu ya zama majami'u cike da jama'a a Adamawa da Borno, har da irin wahalar da 'yan'uwanku suka sha a hannun Boko Haram ba su watse ba. Yawancin waɗanda za su saurare ki ba su taɓa jin wannan ba. An kafa shirin weltwärts a 2008, aka buɗe shi ga matasan ƙasashe irin namu a 2013, kuma dalilin buɗewar shi ne a samu koyo ta ɓangarori biyu, don haka ba hannu rabbana kika je ba. Ki kuma lura cewa takwas ba su kai 19 ba.

Game da wurin aiki, ki ci gaba da addu'arki kafin abinci, a natse, ba tare da neman ido ba kuma ba tare da ɓoyewa ba. Wadda ta yi dariya mai yiwuwa mamaki ne ya kama ta, domin a can addini abu ne da mutum ke riƙewa a cikin gida kamar maganar albashinsa. Idan ta tambaya ki amsa da fara'a, idan ba ta tambaya ba kada ki bi ta da wa'azi. Tsofaffin da ke hannunki kuwa amana ne: mutumin da ba ya iya tashi daga kujera ba ya iya guje wa mai wa'azi, saboda haka ba daidai ba ne a yi amfani da rauninsa. Sai dai da yawa daga cikin masu shekara tamanin da casa'in sun tashi da waƙoƙin coci, kuma sau da yawa wanda mantuwa ta ɗauke masa sunan 'ya'yansa yakan riƙe waƙa da addu'ar da ya koya yana yaro. Ki haddace Addu'ar Ubangiji da Zabura 23 da Jamusanci, ki gaya wa shugabar sashenku cewa idan akwai mai so a karanta masa ko a kai shi sujadar gidan, ke a shirye kike. Idan kuwa wani ya wulaƙanta ki saboda launin fatarki, wannan ba abin haɗiyewa ba ne. Ki kai maganar ga mai kula da ke a ƙungiyar da ta karɓe ki, domin ƙasar tana da dokar hana wariya tun 2006 kuma ta shafi wurin aiki.

Maganar kuɗi gajeriya ce, ko da yake faɗinta yana da nauyi. Aikin sa-kai na shekara ɗaya a Jamus ya samo asali ne daga coci, lokacin da aka kira matasa a garin Neuendettelsau a 1954 su ba da shekara ɗaya ta rayuwarsu don hidimar marasa lafiya, kuma har yau doka ta ƙayyade alawus ɗin don kada ya zama albashi. Mutanen gida suna jin adadin da yuro, su buga shi da naira, su ga dukiya. Ba sa ganin cewa tikitin wata na jiragen yanki, wanda ya fara a yuro 49 a watan Mayun 2023, ya koma 58 a farkon 2025. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki rubuta wa mahaifiyarki abin da ke shigowa da abin da ke fita, layi-layi, ki yanke ɗan abin da za ki iya turawa ba tare da kin kwana da yunwa ba, ki tura ta hannunta ita kaɗai, kuma makarantar ƙanenki ta zo gaba. Kawunki kuwa, ki bar iyayenki su yi masa bayani, domin daga bakinsu maganar za ta fi sauka da mutunci. Hotunan da kike sakawa a gaban manyan gine-gine ma suna da hannu a wannan zato, ki rage su.

Shawarar ɓacewa ita ce kaɗai abin da ya tsorata ni a wasiƙarki. Takardar izinin zamanki a ɗaure take da wannan hidima, kuma ranar da ta ƙare kika ƙi fita, kin zama mai zama ba bisa doka ba: ba inshorar lafiya, ba ɗakin haya da sunanki, wanda ya sa ki shara ya hana ki kuɗi ba inda za ki kai ƙara, ganin ɗan sanda a tasha ya ishe ki faɗuwar gaba. Idan aka kama ki, za a mayar da ke gida tare da haramcin sake shiga na shekaru, kuma ƙungiyar da ta tsaya miki za ta sha wuyar samo wa na bayanki biza. Mai yiwuwa 'yar'uwar nan da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ba ita za ta ɗauki wannan kaya ba. Idan zuciyarki tana son ƙasar, akwai ƙofar gaba. Jamus tana matuƙar bukatar ma'aikatan jinya, kuma tun 2020 horon jinya na shekara uku ya haɗa kula da tsofaffi da na asibiti wuri ɗaya, ana kuma biyan ɗalibi yayin da yake koyo. Abin da ake nema shi ne Jamusanci mai ƙarfi, galibi matakin B2 na jarrabawar harshe, da takardun makaranta. Saboda haka ki mai da dararen da kike kuka dararen karatu, ki rubuta jarrabawar harshe kafin ki taso, ki nemi takardar shaida mai kyau daga wurin aikinki, ki kuma tambayi ofishin kula da baƙi da ƙungiyarki watanni kafin wa'adinki ya cika. Ra'ayina shi ne ki cika alkawarin da kika ɗauka, ki dawo gida ki ba ikilisiyar da ta sallame ki da addu'a rahoto, sannan ki nemi komawa da takardu a hannu idan har kina so.

Kukan dare kuma kada ki raina shi. Ki sa wa kiran gida rana da lokaci, ki daina shiga bargo da waya. Ki fita waje da tsakar rana ko da minti ashirin ne, ki tambayi likita game da sinadarin bitamin D, wanda masu baƙar fata kan rasa a hunturun Turai. Idan barci ko cin abinci ya gagare ki fiye da mako biyu, ki je wurin likita ki faɗi gaskiya, inshorarki ta ɗauki nauyin hakan, kuma zuwa asibiti bai taɓa rage wa kowa bangaskiya ba. A tarurrukan ƙara wa juna sani da shirin ya tanadar muku, ki karɓi lambar sauran 'yan sa-kai, domin a cikinsu akwai masu kwana da irin kukanki. Garin semolina da ake sayarwa a kowane kanti yana tuƙuwa sarai. Ki yi miyar gyaɗa ki gayyaci mutum ɗaya, ko da wadda ta yi miki dariyar ce, amma ki ba ta rana da lokaci.

Abu na ƙarshe yana da gaggawa. A Jamus babban bikin Kirsimeti daren 24 ga Disamba ne. A ranar za ki ga cocin nan da kika ƙirga mutum 19 ya cika har da masu tsayuwa, amma da an tashi kowane iyali zai shiga gida ya rufe ƙofa, shaguna su rufe har kwana biyu, titi ya yi tsit. Ba al'adar yawon gaisuwa gida-gida da kwanon shinkafa kamar namu. Kada ki bari wannan dare ya same ki ba shiri. Tun yanzu ki gaya wa fasto da mai kula da ke, a fili ba da habaici ba, cewa ba ki da inda za ki yi daren 24, domin Bajamushe ba ya gane hannunka-mai-sanda amma yana amsa roƙon da aka faɗa kai tsaye. Idan ba a samu ba, ki nemi a sa ki aiki a ranar, ki yi bikin tare da tsofaffin da su ma ba mai zuwa ɗaukarsu. Ki rubuto mini a watan Janairu ki gaya mini a teburin wa kika zauna, da kuma muryar da aka ba ki a ƙungiyar mawaƙa.